Gadon Douglas Adams: tarihin littafi na shida

A watan Satumba na shekarar 2008, kamfanin ɗab'i na Penguin da ke Landan ya ba da wata sanarwa da ta raba kan masu karatu a Ingila da Amurka. An ce za a fitar da littafi na shida a jerin labaran barkwancin nan da ake kira The Hitchhiker's Guide to the Galaxy, watau jagoran matafiyin da ke yawo tsakanin taurari yana roƙon a rage masa hanya. Abin da ya sa sanarwar ta zama abin magana shi ne, Douglas Adams, wanda ya ƙago labarin, ya riga ya yi shekara bakwai a kabari. Bugu da ƙari, tun kafin rasuwarsa ya hallaka kusan dukkan mutanen labarin a shafukan ƙarshe na littafi na biyar, ya tarwatsa duniyar da suke tsaye a kanta. Wanda aka damƙa wa aikin, Eoin Colfer, tsohon malamin firamare ne daga ƙasar Ailan, wanda sunansa ya fito ta wajen rubuta wa yara littattafai. Aikin farko da ke jiransa shi ne ya nemo dabarar da zai fito da mutane daga halakar da mai su ya jefa su ciki da gangan.

Masu ƙin wannan shiri sun ce an taɓa abin da ba a taɓawa. Kafin a ba su gaskiya ko a hana su, ya kamata a koma a dubi yadda labarin ya faro, domin da yawa daga cikinsu sun manta cewa asalinsa ba littafi ba ne.

An haifi Adams a Kambirij a 1952, kuma a jami'ar garin ya karanci adabin Ingilishi. Shi da kansa ya sha faɗi cewa tunanin ya zo masa a 1971, yana kwance a wani fili a garin Innsbruck na ƙasar Ostiriya, giya ta ɗebe shi, aljihu babu nauyi, a gefensa akwai wani littafin jagora na matasa masu yawon Turai ba tare da kuɗin mota ba. Ya dubi taurari, sai ya raya a ransa cewa ya kamata wani ya rubuta irinsa domin sararin samaniya. Daga baya ya amsa cewa ya maimaita wannan labari har ya daina tuna daren kansa, sai dai yadda ya saba ba da shi. Shekara bakwai bayan haka, ranar Laraba 8 ga Maris 1978, da ƙarfe goma da rabi na dare, tashar Radio 4 ta BBC ta watsa kashi na farko cikin kashi shida na wani wasan kwaikwayo da ba wanda ya sa ran zai yi nisa. Lokacin da aka ba shi ma ya nuna haka, domin ba a sa abin da ake alfahari da shi a sa'ar da mutane ke shirin barci.

Wasan ya buɗe da Arthur Dent, wani Bature da ba shi da wani abin a-zo-a-gani, wanda ya wayi gari ya tarar hukumar gari ta turo katafila za a rushe gidansa domin a shimfiɗa titi. Yana cikin gardama da ma'aikacin hukuma sai abokinsa Ford Prefect ya janye shi gefe, ya shaida masa cewa shi ba ɗan Adam ba ne, baƙo ne daga wata duniyar, kuma ita Duniya kanta saura ƴan mintoci a rushe ta, domin wasu halittu da ake kira Vogon za su shimfiɗa babban titin kumbuna ta inda take. Hujjar da ma'aikacin hukuma ya kawo, ita ce hujjar da Vogon suka kawo: an liƙa sanarwa tuntuni a ofis, wanda bai je ya duba ba shi ya so. Duk wanda ya taɓa yin sintiri tsakanin ofisoshi da takarda a hannu yana neman sa hannun wani ya san inda wannan dariya ta samo tushe. Daga nan Arthur ya shiga yawon sama sanye da rigar barci. Ya haɗu da Zaphod Beeblebrox, shugaban taurari mai kai biyu wanda ya sace kumbon gwamnatinsa, da Trillian, mace ɗaya da ta tsira daga Duniya, da Marvin, mutum-mutumin ƙarfe mai ƙwaƙwalwa marar iyaka wanda baƙin ciki ya yi wa katutu saboda ba a sa shi komai sai aikin ɗan aike. A cikin wannan labari ne aka gina wata babbar kwamfuta domin ta ba da amsar rayuwa da halitta baki ɗaya, ta yi shekara miliyan bakwai da rabi tana lissafi, ta ce amsar ita ce 42, sa'an nan ta nuna wa masu tambayar cewa su kansu ba su san mece ce tambayar ba.

Akwai abu ɗaya a tarihin wannan wasa na farko da ba a cika ambatawa ba, alhali yana da nauyi a kan gardamar da aka yi shekara talatin daga baya. Adams bai rubuta kashi shida ɗin shi kaɗai ba. Aiki ya yi masa yawa, domin a daidai lokacin yana rubuta wa shirin talabijin na Doctor Who, sai ya kira abokinsa John Lloyd suka rubuta kashi na biyar da na shida tare. Da kamfanin Pan ya nemi a mayar da wasan littafi, an fara da niyyar su biyun za su rubuta, sai Adams ya canza ra'ayi ya ce shi kaɗai zai yi. Abin ya ɓata tsakaninsu na ɗan lokaci, ko da yake sun shirya, har suka yi wani littafin raha tare a 1983. Littafin farko, wanda ya fito ranar 12 ga Oktoba 1979, ya tsaya a kan kashi huɗu na farko ne kawai, watau bai kai inda hannun Lloyd ya shiga ba. An sayar da kwafi 250,000 cikin wata uku. Ke nan tun daga farko akwai hannu biyu a labarin, kuma tun daga farko mai shi yana kishinsa.

Daga nan labarin ya riƙa sake kama. An yi shi a faifai, an yi shi a dandamalin wasa, an yi shi a talabijin a 1981, an mayar da shi wasan kwamfuta a 1984, kuma a kowane karo Adams yakan canza wani abu, har ya zama sigogin suna saɓa wa juna, shi kuwa yana dariyar hakan. Littattafai suka biyo: na biyu a 1980, na uku a 1982, na huɗu a 1984. Na ukun ma an gina shi ne a kan wani labari da Adams ya tsara wa Doctor Who ba a karɓa ba, ya cire mutanen can ya zuba nasa. Wanda ya karanta jerin da Faransanci ya gamu da wata sigar kuma. A fassarar Jean Bonnefoy da kamfanin Denoël ya buga a 1982, Arthur Dent ya koma Arthur Accroc, Ford Prefect ya koma Ford Escort domin mai karatu a Faransa ya gane cewa baƙon ya ɗauki sunan mota ne bisa kuskure, Zaphod kuwa ya zama Zappy Bibicy. Sunan littafin na farko, Le Guide du routard galactique, sai da aka canza shi saboda ya yi karo da sunan sanannen jagoran matafiya na Faransa. A 1997 kuma, da Adams ya shagala da tsara wani wasan kwamfuta mai suna Starship Titanic, wanda tushensa ƴar gajerar raha ce a littafi na uku, sai ya bar wa abokinsa Terry Jones ya rubuta littafin labarin. Saboda haka ba za a ce bai taɓa yarda wani ya riƙa masa alƙalami ba.

Gaskiyar magana, rubutu azaba ne a wurinsa. Ya yi suna wajen saɓa wa'adi. A 1984 editansa Sonny Mehta ya kai shi wani ɗakin otal a Landan, ya zauna tare da shi makonni yana tsaronsa har ya gama littafi na huɗu. Zuciyarsa ta riga ta koma wasu wurare: kwamfutoci, da kiɗa, da dabbobin da ke gab da ƙarewa a doron ƙasa, waɗanda ya bi sawunsu tare da masanin dabbobi Mark Carwardine, suka rubuta Last Chance to See a 1990, littafin da ya ce ya fi alfahari da shi duk da bai yi kasuwa kamar sauran ba. Masu ɗab'i da masu karatu kuwa Arthur Dent suke so.

A cikin wannan hali aka samu littafi na biyar, Mostly Harmless, a 1992. Duk wanda ya karanta shi bayan na huɗu zai ji kamar an kashe fitila. A na huɗu Arthur ya sami mace mai suna Fenchurch, ya ɗanɗani farin ciki karo na farko. A na biyar an ɓatar da ita cikin ƴan layuka, ba ta sake dawowa ba. Zaphod bai bayyana ba ko sau ɗaya, Marvin kuwa ya riga ya mutu a ƙarshen na huɗu. Arthur ya tarar yana da ƴa mai suna Random wadda bai san da ita ba, kuma ba ta ƙaunarsa. Sa'an nan wani babban kamfani, wanda Vogon ke bayansa, ya saye maɗaba'ar da ke fitar da littafin jagoran, ya kori sakacin da ya sa ake sonsa, ya ƙera sabon samfuri mai siffar tsuntsu, kuma da wannan samfuri aka tattaro mutanen labarin wuri guda a Landan, aka shafe Duniya da duk wata siga tata da za ta iya wanzuwa. Ba a bar ko ƙofar taga ba. Conan Doyle ya taɓa jefa Sherlock Holmes cikin kwazazzabo a 1893 domin ya huta da shi, amma ya bar gawar ba a gani ba, shi ya sa dawo da shi bai yi wuya ba. Adams ya fi shi tsanantawa.

Amma kuma shi ne ya fara nadama. A hirarrakin da ya yi daga baya ya ce ya rubuta littafin a shekarar da ta yi masa ɗaci, ɗacin ya zuba cikin shafuka, kuma yana so wata rana ya rufe jerin da abin da ya fi wannan haske. Ya ce ma wasu tunane-tunanen da yake sarrafawa domin wani littafi dabam, na ɗan binciken nan nasa Dirk Gently, sun fi dacewa da littafi na shida. A 1999 ya ƙaura da iyalinsa zuwa Kalifoniya domin ya ga an yi fim ɗin da ya daɗe yana nema. Ranar 11 ga Mayu 2001, bugun zuciya ya kama shi a wurin motsa jiki kusa da Santa Barbara, ya rasu yana da shekara 49. Ya bar matarsa Jane Belson, lauya, da ƴarsu Polly, wadda ba ta cika shekara bakwai ba. Abin da aka kwaso daga kwamfutocinsa aka buga a 2002 da sunan The Salmon of Doubt, kuma babin labari goma sha ɗaya da ke ciki na Dirk Gently ne, ba na Arthur Dent ba. Niyyar littafi na shida ta tabbata daga bakinsa, littafin kuwa babu shi.

Wanda ya fara gyara ƙarshen ba Colfer ba ne. A 2004 da 2005, Dirk Maggs, wanda Adams ya tattauna wannan shiri da shi tun yana raye, ya mayar da littafi na uku da na huɗu da na biyar wasan rediyo a BBC, da yawancin ƴan wasan 1978. Har muryar marigayin ya sa a ciki, wadda ya ciro daga karatun littafin da Adams ya taɓa ɗauka a kaset. Da ya zo ƙarshen na biyar, sai ya ƙara wani yanki da babu shi a littafi: ɗan kifin nan da ake sawa a kunne domin ya fassara kowane harshe ya kuɓutar da masu ɗauke da shi a daƙiƙar ƙarshe, aka tsinci kowa a gidan abinci, har Fenchurch da Marvin. Ba a yi wani babban ƙorafi ba. A 2005 ɗin kuma fim ya fito, wanda wani marubuci, Karey Kirkpatrick, ya kammala rubutunsa a kan abin da Adams ya bari. Hannuwa da dama sun taɓa labarin bayan rasuwar mai shi, amma sai da aka ce littafi za a yi sa'an nan hankula suka tashi. Mutane sun yarda wasan rediyo da fim aikin taro ne, littafi kuwa suna ganinsa muryar mutum ɗaya.

A doka babu abin gardama. Haƙƙin mallaka yana hannun iyali, kuma Jane Belson ta amince, ta ce a fili tana son littattafan Colfer. A kasuwa ma dalilin a bayyane yake: Oktoban 2009 ne cikar shekara talatin da fitowar littafin farko, kuma shekarun nan kamfanonin ɗab'i sun gano cewa sunan mamaci yana sayar da littafi. Penguin ɗin ce ta fitar da sabon labarin James Bond daga alƙalamin Sebastian Faulks a 2008, kuma a watan da littafin Colfer ya fito aka buga ci gaban Winnie-the-Pooh, fiye da shekara tamanin bayan na asali. Mai karatun da ya tuna cewa littafin Adams na ƙarshe labarin kamfani ne da ya saye jagoran ya fito da sabon samfuri, ba zai rasa yin murmushi mai ɗaci ba.

Magada dai ba su da hanya ɗaya a wannan al'amari, kuma masu karatun Faransanci sun ga misalan biyu da idonsu. Hergé ya nuna ba ya so a ci gaba da Tintin bayansa, ya rasu a 1983, aka buga littafinsa na ƙarshe a 1986 yadda ya bar shi, zane-zanen fensir da ba a gama ba, aka tsaya nan. Astérix kuwa ya rasa marubucinsa Goscinny a 1977, Uderzo ya ci gaba shi kaɗai, sa'an nan a 2013 ya miƙa wa Jean-Yves Ferri da Didier Conrad. A Ingila, Terry Pratchett, wanda ake yawan haɗa sunansa da na Adams, ya yi wasiyya a hallaka abin da bai gama ba, kuma a 2017, shekara biyu bayan rasuwarsa, aka sa motar daɓe titi ta bi ta kan rumbun ajiyar kwamfutarsa a gaban jama'a. Adams bai bar irin wannan umarni ba, mutuwa ba ta ba shi wannan dama ba. Abin da ya bari shi ne furucin cewa bai gamsu da ƙarshen da ya rubuta ba, kuma a kan wannan furuci aka dogara.

Colfer, wanda ake furta sunansa na fari kamar Owen, an haife shi a Wexford a 1965. Ya koyar a firamare, kuma tsakanin 1992 da 1996 shi da matarsa sun yi aiki a Saudiyya da Tunisiya da Italiya. Daga zaman Tunisiya ya samo littafinsa na farko, Benny and Omar, na 1998, labarin yaro ɗan Ailan da abokinsa maraya ɗan Tunisiya. A 2001, shekarar da Adams ya rasu, ya fitar da Artemis Fowl, wanda ya yi kasuwar da ta sa ya ajiye alli. Ya ce ya karanta Adams tun yana saurayi, kuma da aka fara kawo masa maganar, abin da ya fara ji shi ne haushin a ce wani zai taɓa labarin. Ya karɓa duk da haka, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya bayyana tun da wuri cewa ba daftarin Adams zai cike ba, labarin nasa ne, kuma ba zai yi da'awar zama Adams ba.

Littafin, And Another Thing..., ya fito ranar 12 ga Oktoba 2009, bayan wani taron masoya da aka yi a Landan, kuma an rubuta a bangonsa cewa shi ne kashi na shida cikin uku, bin tsohuwar rahar da Adams ya saba yi da lissafin jerin. Denoël ta buga shi da Faransanci a 2010 da sunan Encore une chose... Dabarar kuɓutarwar ita ce: tsuntsun nan, sabon samfurin jagora, ya dakatar da su Arthur a cikin wani dogon mafarki a daƙiƙar ƙarshe, kowa ya yi rayuwar da yake buri, har wutar tsuntsun ta ƙare suka farka a tsakiyar halaka, sai ga Zaphod da kumbonsa. Daga nan Colfer ya ɗauko wasu ƙananan mutane da Adams ya taɓa ambata a gurguje ya ba su fili. Akwai Wowbagger, wanda wani haɗari ya hana shi mutuwa har abada, gundura ta sa ya ɗauki aikin zagin kowace halitta ɗaya bayan ɗaya bisa jerin haruffa. Akwai Thor, gwarzon tsawa na tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai, wanda sunansa ya zube yake neman hanyar farfaɗo da shi. Wowbagger yana son ya mutu, Thor yana son ya nuna ƙarfinsa, Zaphod ya shiga tsakani a matsayin dillali. A gefe guda kuma akwai wata ƴar duniya mai suna Nano inda wasu attajirai da suka tsira daga Duniya suka tare, ƙarƙashin Hillman Hunter, dillalin filaye ɗan Ailan, wanda ke yi wa allolin tatsuniya tambayoyin ɗaukar aiki domin ya samu wanda jama'arsa za su ji tsoro su yi biyayya.

Masu sharhi sun rabu. Mark Lawson na jaridar Guardian ya ce bai taɓa karanta kwaikwayon marubucin da ya rasu wanda ya kai wannan kyau ba. Wasu suka ce daidai nan matsalar take, domin kama da wane ba ta wane. Idan aka karanta littafin yau, bayan ƙura ta lafa, za a ga kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya. Colfer ya fi Adams iya ɗinka labari. Zarensa yana da farko da tsakiya da ƙarshe, mutanensa suna canzawa, Wowbagger da Trillian har soyayya suka yi, abin da Adams, wanda kan rubuta kashi ɗaya bai san abin da zai faru a na gaba ba, bai cika damuwa da shi ba. Sai dai ba domin zaren labari ake karanta Adams ba. Raharsa hujja ce da aka bi har inda ta zama abin tsoro. Ya ƙago na'urar azaba wadda ba ta yin komai sai nuna wa mutum ainihin girmansa idan an gwada shi da dukkan halitta, kuma wannan kaɗai ya isa ya rushe hankalinsa. Ya ƙago dabbar da aka haifa da son a ci ta, wadda ke zuwa gaban masu cin abinci tana tallar sassan jikinta, ya bar mai karatu ya rasa dalilin da ya sa wannan ya fi yanka dabbar da ba ta so tayar masa da hankali. Ana dariya, sa'an nan tambayar ta kwana a rai. A wurin Colfer yawancin dariyar tana fitowa ne daga baƙin sunaye masu ban dariya, da tuna wa mai karatu tsofaffin raha da ya riga ya sani, kamar baƙon da ke ta ambaton sunayen dangin mai gida domin a san shi ma na gida ne. Bayanan jagora da yake yawan katse labari da su sun yi yawa, kuma kaɗan ne cikinsu ke da abin faɗi.

Wuri biyu ne littafin ya tsaya da ƙafafunsa. Na farko Hillman Hunter, wanda ba a aro shi daga kowa ba. Colfer ya rubuta shi a daidai lokacin da kasuwar gidaje da filaye ta Ailan ta rushe a 2008 ta ja bankunan ƙasar ƙasa, kuma ya san irin wannan mutum, mai zaƙin baki, mai sayar da ƙasarsa ta haihuwa kamar haja. Na biyu Constant Mown, ɗan kwamandan Vogon, wanda ya tashi da cutar da ba a san ta ba a jinsinsu, watau tausayi, yana ɓoye ta kamar abin kunya. Da rundunarsu ta zo shafe Nano, bai roƙi mahaifinsa da jinƙai ba, domin ya san wannan ba harshen da ake ji ba ne a gidansu. Sai ya kawo hujjar takarda: umarnin da aka ba su na hallaka mutanen Duniya ne, waɗannan kuwa a rubuce sun zama mutanen Nano. Labarin da ya faro da rushe gida saboda takarda, a nan takarda ce ta ceci jama'a. A wannan wuri Colfer ya yi tunani irin na Adams ba tare da ya kwaikwayi jimlarsa ba. Abin lura kuma, ƙarshen da ya ba Arthur bai yi hasken da aka yi alkawari ba: ya bar shi shi kaɗai a bakin wani teku, Vogon kuma suna tafe.

Hukuncin da ya fi dacewa da littafin ya zo ne bayan shekara tara, kuma daga inda labarin ya fito. Ranar 8 ga Maris 2018, shekara arba'in cif da watsa kashi na farko, Radio 4 ta fara watsa jeri na shida, wanda Dirk Maggs ya tsara daga littafin Colfer, ya haɗa da wasu gutattsarin rubutun Adams da ba a taɓa bugawa ba. Simon Jones, wanda Adams ya ƙago Arthur Dent da muryarsa a rai, ya dawo a matsayin Arthur. Geoffrey McGivern ya dawo a Ford, Mark Wing-Davey a Zaphod. Tsayin rabin sa'a na kowane kashi ya tilasta a zubar da yawancin abin da ya yi wa littafin nauyi, zaren da Colfer ya ɗinka ya rage, kuma a bakin waɗannan dattawa ya zauna daidai, domin mai sauraro da ya san muryoyin tun 1978 ba ya tsayawa tambayar wane ne ya rubuta jimlar. Peter Jones, wanda ya yi muryar jagoran a farko, ya rasu tun 2000, kuma wanda aka ba wannan matsayi a 2018 shi ne John Lloyd, mutumin da aka janye daga littafin farko. Muryar tsuntsun kuwa masanin kimiyyar sararin samaniya Stephen Hawking ne ya yi ta, da na'urar da yake magana da ita. Ya rasu ranar 14 ga Maris, kwana shida bayan an watsa kashin da ya fito a ciki.

Jane Belson ba ta ga wannan ba, ta rasu a 2011. Colfer ya koma kan nasa littattafan, bai rubuta na bakwai ba, kuma ba a ba wani ya rubuta ba. A dokar Birtaniya haƙƙin marubuci yana ɗorewa shekara saba'in bayan rasuwarsa, saboda haka izinin magadan Adams zai ci gaba da zama sharaɗi har ƙarshen shekarar 2071.